Waƙa Ta Riga Mai Ita Yin Suna: Nazarin Tafiyar Wani Makaɗin Jita Daga Azawak

Wannan nazari ne a kan Mdou Moctar, mawaƙi Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda shi ke tsara waƙoƙinsa, shi ke rera su da harshen Tamashek, shi ke kuma kaɗa jitarsa. Matsalarsa ta fara a 2008. Waƙoƙinsa sun cika wayoyin jama'a daga Tawa har Kidal ta ƙasar Mali, amma ko dala ba ta shiga aljihunsa daga wannan yaɗuwa ba, masu sauraro da yawa ma ba su san wane ne mai muryar ba. An bi sawun lamarin daga nan zuwa ƙarshen 2025.

Kafin 2008: Azawak da jitar wayar birki

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a Azawak, ƙasar makiyaya da ke arewacin jihar Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden. Yana ƙaramin yaro aka yi kisan watan Mayu na 1990 a Cintabaraden, inda sojoji suka far wa Abzinawa bayan wani hari da aka kai wa jami'an tsaro. Daga nan tawaye ya kama wuta, bai lafa ba sai da yarjejeniyar sulhu ta watan Afrilu 1995.

A waɗannan shekaru jita tana da matsayi na daban wurin Abzinawa. Samarin da farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka watsu Aljeriya da Libiya neman abinci, su ne suka ɗauke ta suka riƙa faɗar kewar gida da ita, suna kiran 'yan'uwa su farka. Waƙoƙinsu ba sa shiga rediyon gwamnati. A kaset ake naɗa su, a miƙa hannu da hannu, wannan ya kwafa ya ba wancan. Tun daga tushe ke nan kiɗan ya saba yawo ba tare da ɗan kasuwa ba, ba kuma tare da an biya mai shi ba.

Gidansu gida ne mai riƙo da addini, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin kallon da ake yi wa ɗan da ya ce kiɗa zai yi. Sai dai yaron ya taɓa ganin wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wa jitar Abzinawa hanya a Nijar, abin kuwa ya shiga ransa. Ba shi da kuɗin sayen jita, babu kuma mai saya masa. Ya samo katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Bahago ne, ba shi da malami, da kunne ya koya.

Da ya tasa ya tafi Libiya ci-rani kamar sauran tsararrakinsa. Bayan ya dawo ya shiga kiɗan biki.

Biki shi ne makarantar makaɗa a can, shi ne kuma kasuwarsu. A shimfiɗa darduma a fili, a tayar da janareta, a jona 'yar ƙaramar amfilifaya a murɗe ta har ƙarshe don ta fi ƙarfin iska da hayaniyar jama'a. Makaɗi zai kwashe sa'o'i yana bugu babu hutu. In rawa ta yi sanyi, gobe wani za a kira, domin makaɗan suna da yawa kuma kowa na neman gaba. Abin da ake samu shi ne jingar da aka yi da masu biki, sai liƙin da 'yan rawa suka yi. A nan ya koyi yadda ake fara kiɗa a hankali, a riƙa ƙara masa sauri har sai fili ya ɗauka. Tun a 2008 ya samu abokin tafiya, wani matashi mai riƙe masa jita ta biyu, wanda har yau suna tare.

2008: Sitidiyo a Sakkwato

A 2008 ya tsallako Najeriya ya shiga wani sitidiyo a Sakkwato. Ga mutumin jihar Tawa wannan ba baƙuwar tafiya ba ce, domin Sakkwato ta fi masa Yamai kusa. Ga shi kuma arewacin Nijar ya sake shiga tawaye tun Fabrairu 2007, jihar Agadas tana ƙarƙashin dokar tsaro ta musamman.

Sitidiyon da ya tarar irin na waƙoƙin finafinan Hausa ne: fiyano, gangar kwamfuta, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya ta sa ta rawa. Masu aikin suka yi masa abin da suka saba yi wa kowa. Aka fito da waƙoƙin soyayya na Tamashek a kan jita mai sanyi, amma sanye da rigar kiɗan nanaye. Yana cikin na farko-farko da suka yi wa kiɗan Abzinawa wannan haɗi, kuma kunnen matasan yankin a shirye yake, tun da finafinan Kano sun daɗe da shiga gidajen Tawa da Agadas.

Ba a fitar da aikin a kasuwa ba. Babu kamfani a bayansa, babu bango mai hoto da suna, babu dillali. Ya koma gida da waƙoƙinsa.

2008 zuwa 2010: Daga waya zuwa waya

Lokacin ne ƙananan wayoyi masu ɗaukar memori suka cika kasuwannin Sahel. Intanet ta yi tsada kuma ba ta kai ƙauye ba, amma Bluetooth kyauta ce. Mutum biyu za su zauna shan shayi, kafin a sauke tukunya ta uku sun yi musayar waƙoƙi ashirin. A tasha da bakin kasuwa akwai masu turi, kowa da kwamfutarsa, ka ba su ɗan canji su cika maka memori. Direbobi da 'yan ci-rani suka ɗauki waƙoƙin Sakkwato suka tsallaka da su iyakoki, har arewacin Mali.

Duk wanda ya karɓa yana iya sauya wa waƙa suna a wayarsa, kuma ana sauyawa. Wani ya rubuta sunan budurwarsa, wani ya bar ta da lamba kawai. Mai turi ya samu, mai sayar da memori ya samu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A Yamai akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, amma babu hukumar da za ta iya ƙirga abin da ya wuce tsakanin waya biyu a rugar makiyaya.

Abin da ya yi a wannan tsakani shi ne ci gaba da biki. Inda aka san shi ne mai waƙoƙin, gayyata ta ƙaru. Sai dai kuɗin biki yana da iyaka, iyakarsa kuwa ƙarfin aljihun mutanen garin. Ɗaya ƙofar da makaɗan Agadas ke samu a da, wato yi wa Turawa masu yawon buɗe ido wasa, ta rufe. Tawaye ya fara korar su, sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumba 2010 ya ƙarasa.

2010 zuwa 2013: An nemo mai waƙa

A 2009 da 2010 wani Ba'amurke ɗan birnin Portland yana yawo a Mali da Muritaniya yana naɗar kiɗa. A Kidal ya lura cewa kiɗan da jama'a ke ji da gaske yana cikin wayoyinsu, sai ya shiga musaya da su. Cikin abin da ya tara akwai ɗaya daga waƙoƙin Sakkwato. Abin da ke rubuce a kanta laƙabi ne gajere da kalmar Nijar, shi ke nan.

Da farko a kaset da intanet ya raba tarin waƙoƙin. A 2011 ya yanke shawarar buga su a faifan garmaho ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, domin a Amurka da Turai irin wannan faifai ya dawo yayi kuma ana sayensa da daraja. Ya sa wa kansa sharaɗin nemo masu waƙoƙin, aka kuma ware musu kashi 60 cikin 100 na abin da aka samu. Neman mawaƙinmu ya ɗauki lokaci. Da aka samu lambarsa aka kira, ya zaci wani ɗan'uwansa ne ke tsokanarsa, ya kashe waya.

Daga baya suka haɗu a Nijar. Baƙon ya zo masa da jitar lantarki ta bahagwai. A 2013 aka fitar da faifai na farko mai ɗauke da sunansa shi kaɗai, wanda aka naɗa kai tsaye a Cintabaraden: wani ɓangare kiɗan zaman dare mai sanyi, wani ɓangare kiɗan fili da lasifika ke kururuwa. Babu Auto-Tune a ciki. Karon farko ke nan da mutum zai sayi faifai nasa shi kaɗai, kuɗin kuma ya san hanyar da zai bi ya iso gare shi.

2014 zuwa 2017: Rangadin farko, fim, da faifan mutum ɗaya

A 2014 ya yi rangadinsa na farko a Turai. Sai a wannan shekara aka buga faifan waƙoƙin Sakkwato a hukumance. Shekara 6 ke nan bayan naɗar su.

Sai aka gwada fim. Aka tara kuɗi daga jama'a ta shafin Kickstarter, aka ɗauki fim a Agadas da harshen Tamashek, aka fitar a 2015. An aro tsarin labarin daga wani shahararren fim ɗin Amurka na 1984: makaɗin jita da mahaifinsa ba ya son sana'ar, ga kishiyoyi a fagen kiɗa, ga soyayya. Shi ya fito a matsayin jarumi, kuma rabin labarin nasa ne na gaske. Fim ɗin ya zaga bukukuwan finafinai, 'yan jarida suka samu abin rubutawa, masu shirya wasanni suka samu abin da za su gabatar da shi da shi.

A 2017 ya isa Amurka. A Portland ya naɗi wani faifai shi kaɗai, ya kaɗa kowane kayan kiɗa da kansa, ya yi wa kansa amshi. Aiki ne mai natsuwa, na saurare a ɗaki.

Kasuwar da yake shiga a lokacin tana da masu ita. Rukunin Tinariwen na Mali ya ci kyautar Grammy a 2012, Turawa sun riga sun ware wa jitar Sahara wani lungu a bukukuwan da suke kira na kiɗan duniya: rawani, doguwar riga, kiɗa mai tafiyar raƙumi, 'yan kallo a zaune. Sabon shiga a wannan lungu yana bayan manya a layi, kuɗinsa ma haka.

2017 zuwa 2019: Rukuni ya tsaya da ƙafarsa

A 2017 wani matashi Ba'amurke mai kaɗa jitar bas, wanda ya riga ya san kiɗan Afirka ta Yamma, ya shiga tafiyar. Bai tsaya a kiɗa ba. Shi ne mai kula da rangadi, shi ne mai naɗar sauti. Don ya koyi kiɗan a inda aka haife shi yakan taso daga New York, tafiyar kusan awa 20 a jirgi, sannan ya hau bas daga Yamai ya bi ta Doso, Ƙonni, Tawa da Abalak zuwa Agadas, hanya mai nisan kusan kilomita 950 wadda lalacewarta ke iya mayar da ita tafiyar awa 28. A can ya riƙa bin su biki-biki. Da shi, da mai jita ta biyu, da maganɗi, rukuni ya cika mutum 4. Daga baya wani matashin maganɗi ɗan Nijar ya karɓi ganguna, tun daga nan kuma rukunin bai sake sauyawa ba.

Sai a duba lissafin rangadi, domin nan ne mawaƙa da yawa ke faɗuwa. Kafin a buga tsirkiya ɗaya an biya tikitin jirgi na mutum 3 daga Yamai, an biya takardun izinin aiki, an yi hayar mota, an tanadi mai da masauki. Dillalin da ke samo wasanni yakan ɗauki kashi 10 cikin 100. Hukumar harajin Amurka tana riƙe kashi 30 cikin 100 na kuɗin baƙon mawaƙi sai in an yi yarjejeniya ta musamman da ita tun kafin a fara. Waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don wasa ya yi kaɗan. Hanyar tsira ɗaya ce, a cika kwanaki da wasanni, yau wannan gari gobe wancan, a kuma kafa tebur a bakin ƙofa ana sayar da faifai da riguna. Dokar biza ma tana son rukuni tsayayye: ɗaya daga cikin nau'o'in bizar makaɗa a Amurka yana neman a ce kashi 75 cikin 100 na 'yan rukuni sun yi aƙalla shekara 1 tare.

Wuraren da suka riƙa yin wasa su ma sun sauya. Suka shiga ƙananan gidajen kiɗan rok, inda matasa ke tsaye suna son ƙara da sauri. Abin da ake yi a filin biki a Agadas shi suka kawo ba tare da sun rage masa zafi ba: waƙa ta fara a hankali, ganga ta riƙa matsa mata, jita ta hau sama ta ƙi saukowa. Bidiyon wasansu a gidan rediyon KEXP na Seattle ya zaga YouTube. 'Yan jarida suka fara kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, wataƙila don dukansu bahagwai ne masu riƙe da jitar Fender, alhali shi a kiɗan gargajiya na takamba da jitar magabatansa ya tashi.

A wani ɗan hutu cikin rangadi suka shiga sitidiyo a Detroit na kusan mako guda, suka kaɗa tare kamar a gaban jama'a. Faifan ya fito a watan Maris 2019. Shi ne na farko da aka naɗa a sitidiyo da cikakken rukuni, kuma jaridun kiɗa da dama sun sa shi cikin fitattun faya-fayan shekarar.

2020 zuwa 2022: Annoba da babban kamfani

A Maris 2020 cutar korona ta rufe gidajen wasa da filayen jirgi. Ga wanda abincinsa ke kan hanya, wannan tsayawar komai ce. Suka juya ga sautukan da suka tara a tafiye-tafiye da bukukuwa, suka riƙa fitar da su kashi-kashi a shafin Bandcamp, inda mai saye ke biyan mawaƙi kusan kai tsaye. Daga ranar 20 ga Maris 2020 shafin ya fara ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe nasa kason gaba ɗaya.

A Oktoba 2020 aka sanar cewa ya sa hannu da Matador Records, kamfanin New York da aka sani da mawaƙan rok masu zaman kansu. Faifan farko a can ya fito ranar 21 ga Mayu 2021. An naɗe shi ne gutsure-gutsure lokacin rangadin 2019, a sitidiyo, a ɗakunan otal, a bayan dandali, da kuma a fili a Nijar. Kamfanin ya ce zuwa lokacin rukunin ya yi sama da wasa 500 a nahiyoyi 3. An kuma fitar da wani bugu na musamman na faifan a cikin tsohuwar wayar Nokia 6120, don tunawa da hanyar da waƙoƙinsa suka fara bi.

Abin da yake faɗa a waƙa ya ƙara nauyi a wannan lokaci. Soyayya da yabon Allah suna nan, amma ga halin matan karkara, ga zargin Faransa kai tsaye. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, yawancin ƙauyukan Nijar kuwa ba su da wuta. Yana faɗar wannan a waƙa, yana faɗa a hira. Daga kuɗin rangadi ya riƙa haƙa rijiyoyi a ƙauyukan yankinsu. In ya dawo gida kuma bai daina kiɗan biki ba.

Yuli zuwa Satumba 2023: An rufe hanyar gida

Ranar 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Aka rufe iyakoki. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfi. Ranar 6 ga Agusta Nijar ta rufe sararin samaniyarta.

Rukunin yana Amurka yana rangadi. Mutum 3 'yan Nijar suka rasa hanyar komawa, iyalansu suna can, ana ta maganar yaƙi. Rangadi in ya ƙare kuɗi ya daina shiga, amma masauki da abinci ba sa jira. Abokin aikinsu Ba'amurke ya buɗe asusun neman taimako a shafin GoFundMe, masoyan kiɗansu suka tara abin da ya riƙe su.

Kafin juyin mulkin sun riga sun gama naɗar sabon faifai a wani gida a arewacin jihar New York, cikin kwana 5. Suna da niyyar sake kaɗa waƙoƙin da jita marar lantarki. Zaman dole ya sa suka shiga wani sitidiyo a Brooklyn suka yi aikin cikin kwana 2. Nijar ta buɗe sararin samaniyarta ranar 4 ga Satumba. Da suka samu komawa, mai jita ta biyu ya tafi da 'yar ƙaramar na'urar naɗar sauti, ya tara Abzinawa a gida suka yi amshi, aka aika aka haɗa da abin da aka naɗa a Brooklyn.

2024 zuwa 2025: Inda lamarin ya tsaya

A Afrilu 2024 suka hau dandalin Coachella a Kalifoniya, ɗaya daga manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. Faifan lantarkin ya fito ranar 3 ga Mayu 2024. Cikinsa akwai kira ga shugabannin Afirka, akwai zargin Faransa, akwai kuma kuka kan yadda matasan Abzinawa ke sakin harshen Tamashek da rubutun Tifinagh. Na zaman dolen ya biyo baya a Fabrairu 2025.

A ɓangaren takardu abubuwa sun ƙara tsauri. Daga 1 ga Afrilu 2024 kuɗin shigar da takardar neman izinin makaɗa a Amurka ya tashi daga dala 460 zuwa dala 1,015, ban da ƙarin wani kuɗi da aka ɗora wa masu ɗaukar nauyi, ko da yake an rage wa ƙananan kamfanoni. A lokacin kuma mai son a duba takardarsa da gaggawa sai ya biya dala 2,805. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka dakatar da ba 'yan ƙasarsu sabuwar biza daga 1 ga Janairu 2026.

Abin da lamarin ya nuna

Zaman Sakkwato ya yi abin da ya dace da shi, kuma ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa a yawancin abin da Turawa ke rubutawa. Sukan ambace shi kamar wani abin mamaki da aka wuce. Alhali ba don masu fiyanon nan sun ba waƙoƙin sautin da matasan Sahel ke so ba, da ba su kai Kidal ba, da kuma babu wanda zai tsince su a can. Yaɗuwar kyauta ita ce ta yi masa tallan da ba shi da kuɗin yi. Abin da ta kasa shi ne riƙe sunansa a jikin waƙar. Da a ce ya ambaci sunansa da garinsu a cikin baiti, kamar yadda mawaƙan Hausa suka saba tun zamanin makaɗan fada, da babu mai turin da zai iya goge shi.

Haɗuwarsa da mutumin Portland rabo ne, kuma bai kamata a mayar da rabo tsari ba. Memorin da aka tsinci waƙarsa a ciki yana ɗauke da muryoyi masu yawa da ba wanda ya je nemansu. Abin da za a yaba a nan shi ne yadda aka yi cinikin: an nemo mai abu, an faɗi kaso a fili, an sa sunansa a bango. Tarihin naɗar kiɗan Afirka cike yake da waɗanda suka zo da na'ura suka tafi ba su waiwayo ba.

Fim ɗin da faifan 2017 sun ba shi labari da mutunci, amma ba su ne suka ciyar da rukuni ba. Abin da ya juya lamarin, a ganina, shi ne shekarun 2017 zuwa 2019, lokacin da ya daina gabatar da kansa a matsayin baƙo mai kiɗan gargajiya ya fito da ainihin abin da ya fi kowa iyawa. Sa'o'in da ya kwashe a filin biki, gaban mutanen da ba sa yi wa makaɗi kara, su ne jarinsa. Ɗan kallo a Chicago bai san Tamashek ba, amma ya san lokacin da kiɗa ya kama shi. Samun mutum a cikin rukuni wanda ya san takardu da haraji da sitidiyo, ya kuma yarda ya hau bas zuwa Agadas ya zauna a matsayin ɗalibi, ya toshe ramin da mawaƙa da yawa ke faɗawa a rangadi. Matador ta zo ne bayan an riga an gina masu sauraro gari-gari, don haka da ƙarfinsa ya shiga cinikin.

Abin da ke damuna shi ne matsalar farko ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Waɗanda yake yi wa magana a waƙa, matan Azawak da samarin Arlit, har yanzu a waya suke karɓar ta, jiya ta Bluetooth yau ta WhatsApp. Masu biya suna wata nahiya, kuma tsakaninsa da su akwai ofishin jakadanci da sararin samaniya, waɗanda watan Agusta 2023 ya nuna ana iya rufe su dare ɗaya. Shi ya tsira a lokacin don yana da masoyan da za su tara masa kuɗi. Matashin da ke bin sawunsa a Agadas ba shi da su.

Kasuwa mafi kusa da wannan matashi ita ce ta kudu: Tawa, Maraɗi, Damagaram, Sakkwato, Katsina, Kano, garuruwan da a haɗe suke da miliyoyin jama'a, da Abzinawa mazauna cikinsu, da sitidiyo, da kunnen da ya taɓa haɗuwa da wannan kiɗa a 2008. Akwai taron Cure Salée a Ingal, akwai bikin Ayar a Iferwan, amma waɗannan na shekara-shekara ne, ba sa riƙe makaɗi wata goma sha biyu. Zagayen wasanni na tikiti da zai haɗa garuruwan nan, da masu shirya shi da za su biya makaɗi a kan jinga rubutacciya, shi ne aikin da ke jiran masu kuɗi da masu sitidiyo na ɓangarorin biyu. Iyakar Nijar da Najeriya ma ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025.